Tsohon da Ya Zo Kallon Duwatsun Riruwai

Tun da tsohon ya sauka daga babbar mota a Riruwai ya ce kallon wurare ya zo, Lurwanu, saurayin da ya nema ya yi masa jagora, bai yarda da shi ba. Wa zai baro Kano da furfurarsa don ya kalli dutse? Lalle ɗan leƙen asirin masu haƙar kuza ne. Haka suke yi, yau su kalli wuri, gobe a kafa turaku a gonar mutum.

"Ɗana, kai ni inda ruwa ke zubowa daga kan dutse," in ji tsohon.

Gonar su Lurwanu kuwa a gindin ruwan take. Sai ya bi da shi wata hanya dabam. Ya nuna masa kogo, ya nuna masa tsauni, ya yi ta zagaye da shi har la'asar.

"Baba, ka gani dai. Babu irin wannan ruwa a ƙasar nan."

Tsohon ya zauna yana haki, idonsa ya cika da ƙwalla.

"To, na haƙura. Ina yaro mahara suka ɗauke ni a bakinsa, suka sayar da ni. Ko sunan garinmu ban riƙe ba, gari-gari nake bi ina nema. Ruwan kawai nake tunawa, sai wana Shitu mai yatsa shida, da ya ɓuya cikin dawa."

Shitu mai yatsa shida yana gida kan buzunsa, shi ne mahaifin Lurwanu.

Lurwanu ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baffa, tashi. Ba nisa."