Mai Ƙorafin Akwatuna

Ranar Litinin da safe wata wasiƙar imel ta shigo ofishin wata jarida da a intanet kaɗai take fita. Mai rubutun ya yi doguwar sallama, ya gaida ma'aikata da iyalansu, sannan ya ce tun ranar Asabar, duk inda ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ya kamata su fito a shafinsu, shi ɗan akwati yake gani. A ƙasa ya sa hannu: Mai Karatu.

Injiniya, wanda shi kaɗai ke kula da shafin, ya buɗe a kwamfutarsa. Haruffa lafiya lau, kowanne da ƙugiyarsa. Ya duba a waya, ya duba a kwamfutar Edita, har ta mai tsara hotuna ya leƙa. Ko akwati ɗaya babu. Sai ya tura amsar da yake tura wa kowa: a share tarkacen burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a kashe, a kunna.

Talata Mai Karatu ya dawo. Ya ce ya kashe ya kunna sau bakwai, kuma a labarin ambaliya kaɗai ya ƙirga akwati ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Injiniya ya san inda matsalar ta dosa. A ƙarshen mako burauzar ta fitar da sabon zubi, shi da kansa ya bi duk na'urar da ke hannunsa, ta ofis da ta gida, ya sabunta. Wataƙila sabon zubin ya ƙi jituwa da haruffan wata tsohuwar kwamfuta. Ya nemi hoton abin da mutumin ke gani. Aka turo masa hoton da aka ɗauka da waya, a karkace, hasken fitila ya cinye rabin rubutun, ga gefen wani labule mai ruwan ƙasa irin na kowane gida.

Ya canza salon haruffan shafin baki ɗaya. Akwatuna suna nan. Ya mayar da na da, ya jingina masa wasu biyu ko da na farko ya gaza. Suna nan. Garin gwaje-gwajen ma kanun labarai suka hau kan juna har na awa guda, Edita ta leƙo ta tambaye shi ko lafiya.

A gida ma ba wani sakewa yake yi ba. Mako uku ke nan surukinsa na ɗakin baƙi yana jinyar gwiwar da aka yi masa aiki. Safe da yamma Injiniya kan durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, ya gaishe shi ya tambayi ƙafa, ya zame kafin a gama amsawa. Sai ya shiga falo yake samun baki.

"Tsoho ne, na rantse miki," ya ce wa matarsa ranar Laraba. "Irin waɗanda suka yi ritaya suka rasa abin yi. Mutum ya zauna yana ƙirga akwati!"

"Rage murya," ta ce. "Baba na hutawa."

Alhamis wasiƙa ta huɗu ta zo, wannan karon da jerin kalmomin da suka lalace, an jera su bi da bi tun daga ɓ. Injiniya ya ji ransa ya gama ɓaci. Ya rubuta cewa dubban mutane na karanta shafin ba wanda ya ga akwati sai shi, don haka ko dai ya jefar da akwalar kwamfutarsa, ko ya nemi wani mai hankali a gidansa ya duba masa, ko kuma ya nemi sana'a. Ya tura, ya ji sanyi a ransa.

Sanyin bai kai Juma'a ba. Mai Karatu ya tura wa Edita wasiƙar Injiniya kai tsaye, bai ƙara komai ba sai layin da ya ja a ƙarƙashin kurakuran rubutu guda uku, da gyaransu a gefe.

Edita ta kira shi gaban kowa. Ta tuna masa cewa mako mai zuwa ne za a duba ko za a sabunta kwangilarsa, kuma ita ba ta ajiye ma'aikacin da ke zagin mai karatu.

"Yau ɗin nan za ka ɗauki jakarka ka je har gidansa," ta ce. "Ka gyara masa, ka ba shi haƙuri. In bai yafe ba, kada ka dawo min nan."

Ta rubuta wa mutumin da kanta, ta nemi kwatancen gidansa. Injiniya ya koma kujerarsa yana haɗa kaya, yana addu'ar Allah ya sa ba a ƙarshen gari tsohon yake ba.

Ba a yi minti goma ba amsa ta shigo. Edita ta gyara tabarau, ta ɗaga murya yadda duk ofishin zai ji, ta karanta:

"Na gode, 'yata. Kada ku kore shi, yana da iyali, kuma ni na san abin da korar za ta jawo wa gidan. Ba ya buƙatar kwatance. In ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakin baƙi yadda ya saba, yau dai ya daure ya shigo ciki."