Dodo Mai Tsoron Kyankyaso

Da suka dawo daga coci, yarinyar ta nace sai uwarta ta karanta mata labarin wani dodo mai tsoron kyankyaso. Ita uwar ta saba da littattafai a kan yaran da aka ci zarafinsu, labaran gaskiya. Tana karanta su a motar haya ta unguwar Narayi, ko gezau.

Yarinyar ta yi ta dariya, sannan ta ce, "Mama, wannan dodon wawa ne. Shi Kawu sai ya kulle ƙofa tukuna, ya ce kada in gaya miki."

A tsakar gida ƙanin uwar yana wanke babur, yana rera waƙar yabo. Uwar ta juya shafi, ta zuba wa rubutun ido, ko harafi ɗaya ba ta gane ba.