Mai Mayar da Shafin Makaranta Baya

Sau uku Safara'u, malamar kwamfuta, tana saita DNS, wato adireshin intanet, don shafin makarantarsu ta Bebeji ya riƙa buɗewa daga sabuwar saba, kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Sau uku wani yana mayar da shi kan tsohuwar. Iyaye sai kira suke, sun kasa ganin sakamakon 'ya'yansu. Hankalinta ya tashi, ta ɗauka 'yan kutse ne.

Da ta bincika, sai ga sunan shugaban makarantar, Malam Abdussalami. Ta same shi a ofis.

"Malam, me ya sa?"

Ya miƙo mata wayarsa.

"'Yar nan, sabuwar ta cire sunayen waɗanda suka rasu. A tsohuwar kuwa, marigayiya 'yata Bushira tana nan a aji uku."