Kyamarar Sodangi Mai Hoto

Murja ta sake jan gilashin kyamarar gaba, ya ƙi motsi. Tun safe take abu ɗaya, gumi har ya jiƙa mata hijabi.

Kyamarar kakanta ce, marigayi Sodangi Mai Hoto, wanda kusan duk tsohon gida a Sakkwato akwai hotonsa a bango: amare a tsakiyar jere, masu jego da jarirai, duk suna dariya hankali kwance. Shagonsa na unguwar Gidan Dare ne Murja ta share ta buɗe bayan ta gama karatu. Shi ne kuma Baffa Jibrin, ƙanen mahaifinta, ya rantse sai ya karɓe ya ba ɗansa ya sayar da wayoyi.

"Hoto aikin maza na," in ji shi. "Dubi Inna, ta tsuhwa cikin gidan ga, kin taɓa jin ta riƙa abin ɗaukar hoto?"

A gaban dangi Murja ta ce wanda ya gaji aikin shi ya kamata ya gaji shagon, kuma za ta tayar da tsohuwar kyamarar ta ɗauki hoto da ita. Baffa ya yi dariya har da buga cinya, ya ce in ta iya kafin Juma'a, shago nata ne. Ya san abin da ya taka. Ko shi marigayin, ƙarama yake amfani da ita a shago, ba wanda ya taɓa ganin ya buɗe wannan.

Abin haushi, Murja ba ta ma san wace iri ce ba. Akwatin katako ne, ba suna ba lamba. Tsakanin akwatin da gilashin akwai jaka mai naɗewa irin zugazugin maƙera, an sake ta da jar fatar akuya, ɗinkin ƙanana ƙwarai. Ƙafafunta uku an datse su, da ƙyar suka kai ƙirjin Murja, alhali Sodangi sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ba a jaka aka ajiye ta ba, a cikin zane aka ɗaure ta, da wani tsohon gammo a kai.

Ta tura hotunanta ga masu tara tsofaffin kyamarori ta waya. Wani ya ce gilashin na Jamus ne, wani ya ce akwatin aikin kafinta ne. Wani ɗan rami da ke ƙarƙashin gilashin kuwa, ba wanda ya san amfaninsa. Ta zura ƙusa, ta yi kauri. Ta zura allura, ba ta kai ba.

Kaka Kande, matar marigayin, wadda Baffa ke kira Inna, tana kan tabarma a tsakar gida tana kallonta.

"Ke dai akwai taurin kai," in ji tsohuwar.

"Wurinki ni gado shi, tsohuwa."

"Kar ki matsa hwatar nan da ƙarhi, tana son mai."

Murja ba ta ko ɗago ba. Tsoro ne ya cika ta, ta kuwa ƙudurta ba za ta bari kowa ya gani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baffa ya shigo da sabon kwado a hannu, dangi na biye. Murja ta kafa kyamarar a tsakar gida, ta ja gilashin da duk ƙarfinta. Ko gezau.

"To, kawo mabuɗi."

"Ban badawa, Baffa. Sai dai a hidda ni da ƙarhi."

"Ke! Gidan ga ba a taɓa mace mai hoto ba, kuma ba a hwarawa kanki!"

Nan Kaka Kande ta dafa bango ta miƙe. Ta taka a hankali har gaban kyamarar, sai ga gilashin daidai idonta. Ta sa hannu cikin ɗankwalinta ta zaro kibiyar tsifa, ta zura a ɗan ramin ba tare da ta duba ba. Wani abu ya ce ƙas. Jar fatar ta miƙe sumul, gilashin ya zamo gaba.

Baffa ya saki baki. "Inna, ina kinka san wanga?"

Tsohuwar ta goge gilashin da bakin zanenta, ta karɓi kwadon daga hannunsa ta miƙa wa Murja.

"Jibrin, duk wayonka ba ka taɓa tambaya ba, wane maigida ka barin ƙato shi shiga ɗakin matatai? Ubanka zaure shika zama shina shan hura, ni ka shiga in ɗauko hoton."