Tabarma a Bakin Gada

Motar haya ta sauke Vaiula a bakin gada, iyakar ƙauyensu, da lallausar tabarmar jana'iza naɗe a hammata. Lafaele, ɗan kawunta, shi aka sa tsaron hanya.

"Lauya da kanta!" in ji shi. "Pouono kika zo makawa a kotu? Ai kin makara, yau ake binne shi."

"Bar wasa, Lafa. Gaisuwa na kawo."

Nan take fara'arsa ta gushe. "Yaya, kin san hukuncin korarki bai tashi ba."

Ta sani mana. Tana 'yar makaranta ta buga waya gidan rediyo a Apia, babban birnin ƙasarsu, ta ce dattawan ƙauyensu na sayar da yashin bakin teku, ruwa kuma na cin kaburburan kakanni a ƙofar gidaje. Gaskiya ta faɗa, ita kuwa gaskiya ɗaci gare ta. Majalisar dattawa ta zauna, aka sha kava, abin shan gargajiya na zaman dattawa, aka yanke korarta. Mai magana da yawun majalisa ne ke furta hukunci, sanda a hannu, don haka Pouono, mai wannan muƙami kuma uban da ya raine ta, ya miƙe ya furta. Muryarsa ko gezau. Sandar ce dai ta yi ta rawa, sandar da Vaiula ta saba shafa wa man kwakwa.

Wannan korar ce ta kai ta karatun lauya. Ta mayar da korarru da dama gidajensu, har da wata tsohuwa da laifinta kawai ta tanka wa fasto. Abokan aiki kan tsokane ta, wai tana buɗe wa kowa ƙofa, tata a kulle. Ita dai sai murmushi. Ƙarar tata korar ba wuya gare ta, sai dai dole a tsayar da wanda ya furta hukuncin gaban alƙali, ta titsiye shi da tambayoyi. Ta zaɓi ta jira ya janye da kansa. Tana jira har furfura ta fara tsiro mata.

"Shiga ka roƙi dattawan," ta ce. "Kallo ɗaya kawai kafin a rufe shi."

"Tun jiya nake roƙo, Yaya. Sun ce bakin da ya yanke shi ke janyewa." Ya share ido. "Bakin kuma ya rufu."

Waƙar coci ta taso daga cikin ƙauye, muryoyin da ta sani tun tana goye. Duk dokokin da ta haddace, babu wadda za ta tsallakar da ita wannan 'yar gadar yau.

Ta miƙa masa tabarmar, ƙafarta ba ta taka gadar ba.

"Ka rufa masa," ta ce. "Ka raɗa masa a kunne, ka ce Baba, 'yarka ba ta kai ka ƙara ba."