Ɗan Kunne Mai Koren Dutse

Jikata ce ta fara ba ni labarin nan, ita da ke zuwa ajin koyon haɗa labari a kwamfuta. Irin labarin da kana cikin karantawa sai maɓalli biyu su fito, ka taɓa ɗaya, labarin ya bi inda ka zaɓa.

A ajin akwai wata mata da ta haura arba'in, yaran suna ce mata Anti Tela. Da yatsa ɗaya take buga rubutu. Wasu suna labarin aljanu da 'yan fashi, ita kuwa nata na wata yarinya ne 'yar shekara goma, marainiya, da ke zaune wurin goggonta.

Wata rana warin ɗan kunnen gwal na goggon ya ɓace. Anti Tela ta zana shi da kanta, da ɗan koren dutse a tsakiya. Yarinyar ce ta share ɗakin ranar, don haka ita aka tsare. Mutum in yana cikin fushi ba ya tsayawa ɗaga katifa.

A nan maɓallan suke fitowa. Ka taɓa "Ta rantse", a ɗaure mata kaya a leda. Ka taɓa "Ta yi kuka", a ɗaure mata kaya a leda. Ko ina ka bi, mota ce ƙarshe, a mayar da ita wurin dangin uwarta da sunan ɓarauniya, karatu kuma ya tsaya nan.

Malaminsu ya gwada sau uku, ya yi dariya.

"Anti, wannan ai ba zaɓi ba ne. Duk inda na taɓa, tasha ɗaya kike sauke ni."

"Yarinyar ba ta da zaɓi, Malam."

"To ki ba wanda yake da shi."

Sati guda ba ta zo aji ba. Da ta dawo, ta juya labarin. Yanzu mai karatu shi ne goggon. Kwana uku da tafiyar yarinyar, tana gyaran gado, sai ga ɗan kunnen a cikin yagar katifa. Maɓalli biyu: "Ta aika a dawo da ita", ko "Ta yi shiru".

Malam ya ce, "Ya aka yi yarinyar ta san an gan shi?"

"Ba ta sani ba. Ta dai san ba ta ɗauka ba."



Jikata ta zo min da labarin a wayarta, ta ɗora min a cinya. "Kaka, taɓa ɗaya mu ga halinki."

Na ce idona ba ya gani sosai. Ta karanta min su da ƙarfi, har sau biyu. Na ce ta ɗauke min abin nan, ƙafata na ciwo.

Washegari da safe na ce ta raka ni ajin nasu. A bakin mayafina na ƙulle warin ɗan kunnen. Shekara talatin da ɗaya yana ƙasan akwatina, kuma dutsensa ja ne, ba kore ba.