Hoton Gwaggo Ladi da Ƙwaryarta

Shekarar da aka hana kiɗan mata a gidajen biki, Gwaggo Ladi ta ɗora ni a acaɓa daga Nariya zuwa shagon mai hoto a Rano. Zabiya ce, kuma ta naɗo ƙwaryar kiɗanta a zani kamar jaririya. Har yau ina jin warin fentin labulen shagon, mai zanen gidan sama.

Mai hoton na ganin ƙwaryar ya leƙa waje, ya rage murya. "Hajiya, rufa mini asiri ki ajiye ta. Ga furen roba, shi matan kirki ke riƙewa."

"Matan kirki?" in ji Gwaggo. "Yaro, ranar sunanka wa ya yi wa uwarka waƙa? Furen?"

Ta zauna, ta kifa ƙwaryar a cinya. "Ɗauka. Kada in mutu jikoki su ce zaman banza na yi."

Ya ɗauka yana waigen ƙofa, shi ya sa hoton ya ɗan karkace.

Ba ta ƙara waƙa a fili ba. Ni kuwa sai da na haifi uku na shiga makarantar manya. Ranar da na iya haɗa baƙaƙe, ban fara da sunana ba. Na juya hoton na rubuta: Ladi, zabiya.